Safiyar da Ƙyauren Inna Kinue Bai Buɗu Ba

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Nuwamba, ƙarfe shida da rabi na safe ta yi a tashar jiragen kamun kifin ƙauyenmu ba mu ji kiɗan rediyo ba. Mu goma sha huɗu ne a tsaye, hannuwa cikin aljihu saboda sanyi, kowa ya zuba wa gangaren da kike saukowa ido. Ba ki sauko ba. Muka hau tudu zuwa gidanki, muka tarar da ƙyamaren tagoginki a rufe. Inna Kinue Hamaguchi, kin rasu cikin barcinki, a kan shimfiɗarki, kina da shekara tamanin da bakwai. Rediyon yana bakin ƙofa inda kike ajiye shi, kusa da takalmanki da kika juya suna kallon waje.

Ni ne Norihiko, ɗan marigayiya Masae, wanda kika ci gaba da kira Nori har furfura ta gama da kansa. An ce ni zan rubuta wani abu a kanki domin takardar labaran ƙauye, wai don na fi kowa shan wuya a hannunki. Ban musa ba.

Matasanmu sun san ki da rediyo da hatimi. Manyanmu sun san ki da ruwa. Shekara hamsin da biyu kina nutso a tekun nan ba tulun iska, kina ɓanɓaro awabi, wani irin dodon koɗi na teku mai tsada, daga jikin duwatsu da numfashin da ke ƙirjinki kaɗai. Amma ba a ruwa kika yi aikin da ya fi girma ba. Kin yi shi ne a kan tudu, bayan abin da ya sami Tomeko.

Tomeko abokiyar nutsonki ce tun kuna 'yan mata, wuta ɗaya kuke ji a bukkar matan nutso. Shekara goma sha tara da suka wuce ta faɗi a madafinta, ita kaɗai a gida. Kwana uku ƙyamarenta suna rufe. Duk unguwa mun san abin da rufaffen ƙyaure yake nufi da hantsi, amma mun fi sanin cewa ba a damun mutum a gidansa. Wannan ya ce ƙila ta tafi wurin 'yarta a garin Ise, wancan ya ce ƙila mura ce take son hutawa. Kowa ya rusuna wa ƙofar a zuciyarsa ya wuce. Likita ya ce ta yi kwana guda da rai a ƙasa, ƙila ma fiye. Ke da kanki sau biyu kika bi ta ƙofar, kuma ba ki taɓa ɓoye wannan ba. Kin faɗa mini sau ɗaya, kina kallon teku, cewa ladabinmu ne ya kashe ta, kuma naki yana ciki.

Bayan an cika kwana arba'in da tara na makokinta, kika ɗauko rediyon mijinki marigayi kika dasa shi a kan wani tulin raga a tasha. Shirin motsa jiki na safe da ake sawa a rediyo ba baƙo ba ne ga kowa, duk mun yi shi a makaranta muna hamma. Abin da kika ƙara masa shi ne doka guda. In an gama minti goman nan na miƙa da lanƙwasa, sai ki buga wa kowa jan hatimi a katinsa, sannan ki ƙirga kawuna. Wanda babu shi, kuma bai aiko da dalili ba, a je a buga masa ƙofa kafin ƙarfe bakwai. Ba a leƙa a wuce, ba a tsaya shawara. A buga har sai an ji murya.

Mutane sun yi gunaguni, ba na wasa ba. Aka ce Kinue ta tsufa ta zubar da kunya. Ke kuwa ko a jikinki.

Ni na shigo hannunki shekara shida da suka wuce. Na yi shekara ashirin da shida ina tuƙin tasi a birnin Nagoya, aikin dare. Na dawo gidan mahaifiyata da hawan jini, da tumbi, da barcin da ya birkice har ban san ranar Allah daga darensa ba. Matata ta riga ta koma wurin danginta, kuma ban ga laifinta ba. Na ja ƙyamare na rufe, ina shan kofi na gwangwani, ina jiran abin da ban sani ba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a lokacin ban damu ba ko gari ya waye da ni ko bai waye ba.

Kwana na huɗu na ji ana dukan ƙofata kamar ana kiran mai kashe gobara. Na buɗe, na gan ki, 'yar ƙaramar tsohuwa da ɗankwali a ka.

"Inna, lafiya? Ai ni ba na cikin ƙungiyarku."

"Wa ya tambaye ka? Kana numfashi a ƙauyen nan, kana ciki. Dubi fuskarka kamar dafaffen kabeji. Buɗe tagogin nan, gidan Masae ba kabari ba ne."

Na ce miki ba na samun barci sai gari ya waye. Kika ce to ai daidai ke nan, tunda idona biyu da asuba, sai in sauko tasha. Na rufe ƙofa da ladabi. Washegari kika dawo. Kwana goma sha ɗaya kina dawowa, har na gane cewa saukowa tasha ya fi sauƙi a kan jin wannan dukan.

Ba ki taɓa yi mini lacca ba. Abu ɗaya kike ba ni, sai na riƙe shi sannan ki ƙara wani. Na farko, da na tashi in ja ƙyamare rana ta dake ni a fuska, ko na yi barci ko ban yi ba. Bayan mako biyu kika hana ni kofi in rana ta take. Bayan wata guda kika haɗa ni da matakalar wurin ibada na kan dutse, taki ɗari da takwas, ke a gaba da shekarunki tamanin da ɗaya, ni a baya ina haki kamar tsohon injin jirgi. A taki na sittin na zube a zaune, bakina a wangale, ina kamfatar iska.

Kika tsaya a kaina kika ce, "Haɗamamme. Har iskar ma so kake ka cinye ta kai kaɗai? Fitar da ta cikin tukuna."

A nan kika koya mini fiton matan nutso. Mai nutso in ta taso daga ƙarƙashin ruwa ba ta wage baki, don jiri zai ɗebe ta. Tsuke leɓe take yi, ta saki numfashin a hankali har ya yi siririyar ƙara, sabuwar iska kuma ta shigo da kanta. Tun ina yaro nake jin wannan fito a kan ruwa, ban taɓa tunanin yana da amfani ga mai tuƙin tasi ba. Kika ce in yi sau goma a kan matakala, sau goma in na kwanta. Ban san ranar da barci ya fara dawo mini ba. Na dai san wata safiya na farka da hasken taga, na zauna a kan shimfiɗa ina kuka, namiji mai shekara hamsin da biyar, don kawai na yi barci.

Ba ni kaɗai ba ne. Akwai matar mai gyaran raga da aka tarar da zazzaɓi ya kwantar da ita, akwai tsohon malamin makaranta da ya manta tukunya a kan wuta. Amma in ana zancen wanda ya fi kowa ba ki aiki, Baba Sadao ne, ƙanin mijinki. Shi ya riƙe miki igiya a jirgi shekara ashirin bayan rasuwar yayansa, ke a ƙasan ruwa, shi a sama yana sauraron fitonki. A tasha kuwa ba ku taɓa shiri ba ko na kwana ɗaya. Motsa jikinsa ɗaga hannu ne zuwa kafaɗa kawai, ya ce sauran na yara ne.

"Sadao, wannan miƙa ce ko kana tare mota?"

"Yaya, shekara ashirin ina jawo ki daga ruwa kamar buhun gishiri. Ni na gama motsa jikina na duniya."

"Da ka ja da kyau da ban sha ruwan da na sha ba, rago."

Duk da haka katinsa ya fi na kowa cika da ja. Bai taɓa fashi ba.

An ƙone gawarki ranar Alhamis, kamar yadda al'adarmu take. Da yamma 'yarki Chizuru ta miƙo mini rediyon da hatimin a naɗe cikin ƙyalle, ta ce kin daɗe da faɗa mata wanda za a ba. Ranar Juma'a ba wanda ya iya saukowa. Ranar Asabar na ɗora rediyon a kan tulin raga, muka yi minti gomanmu ba mai kallon wani. Na buga hatimi. Na ƙirga kawuna, goma sha uku. Babu Baba Sadao.

Inna, zan faɗa miki abin da muka yi, ko da yake ba zai yi miki daɗi ba. Muka tsaya shawara. Ɗaya ta ce mutumin da ya tsince ƙasusuwan matar yayansa daga toka shekaranjiya, ai a bar shi ya huta. Wani ya ce ba daidai ba ne a dami mai makoki, gobe zai fito. Duk muka gyaɗa kai, har da ni, don maganar ta yi kama da hankali. Kwana huɗu kacal da tafiyarki mun koma mutanen da muke a da. Na naɗe rediyo na kama hanyar gida, har na kai kwanar shagon awara. Sai na tsaya, don na tuna fuskarki a ƙofata ranar da na ce miki ba na cikin ƙungiyarku.

Na juya na nufi gidan Baba Sadao. Ƙyamarensa a rufe suke. Na ƙwanƙwasa a hankali, irin na masu tarbiyya. Shiru. Na kira sunansa, shiru. Ƙafata ta fara juyawa da kanta. Sai na dunƙule hannu na daki ƙofar irin dukanki, har karen maƙwabta ya tashi, sannan na kara kunnena a jikin katako. Can ciki, siriri ƙwarai, na ji fito. Ya tsaya, ya sake fitowa. Fitonki ne, a bakin mutumin da ya shekara ashirin yana sauraronsa daga cikin jirgi.

Na kira maƙwabta, muka ɓalle ƙofar baya. Yana kwance a bakin ɗakin wanka tun yammacin Juma'a, ƙugunsa a karye, jikinsa sanyi ƙalau, muryarsa ta daɗe da ƙarewa. Ya ce da ya ji tsoro ya fara shaƙe shi, sai ya riƙa fitar da numfashi yadda kike yi, yana jiran bakwai ta yi. Ana ɗora shi a gadon ɗaukar marasa lafiya ya kama hannun rigata, ya jawo ni kusa da bakinsa.

"Ƙarfe nawa?"

"Bakwai da minti ashirin, Baba."

"Kun makara, 'yan banza. Da Yaya ce, da tuni ina shan shayi." Sai ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa suka fara girgiza.

Yana asibiti a birni yanzu, an yi masa aiki, kuma ma'aikatan jinya sun ce ya fara yi musu tsiya, alamar zai tashi. Ya sa an kawo masa katinsa. Kullum da yamma nakan hau mota in je in buga masa hatimi, in ya ɗaga hannu zuwa kafaɗa.

Inna Kinue, ba ki bar gidan sama ba, ba ki bar suna a littafi ba. Kin bar tsofaffi goma sha huɗu da suke kwanciya da wuri don akwai mai jiransu da safe, kin bar ni da rai, kin bar Sadao da rai. Ina kewarki ƙwarai, kuma ina jin kunyar minti ashirin ɗin nan. Ba za su sake faruwa ba muddin rediyon yana hannuna.

Ubangiji mai rahama ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya sauke miki nauyin ƙofar Tomeko da kika ɗauka shekara goma sha tara, ya sa barcin nan naki ya zama hutu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Chizuru da mijinta da 'ya'yansu, ga Baba Sadao a gadonsa, ga sauran matan nutso da suka ji wuta ɗaya da ke, da dukan dangin Hamaguchi na nan da na nesa. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu mu ma. Duk wanda ya karanta wannan a ƙauyen nan, gobe shida da rabi muna tasha. In ba ka zo ba, ka saurari ƙofarka.