Labo da kwalbar iska ta gidan likitan dabbobi

Lantana matar Labo ita ta fara ba ni wannan labari, muna sussukar gero a gonarsu ta bayan Cadawa. Abin da na ji daga bakinta shi zan faɗa, in na ƙara Allah shi yafe mini.

Labo ɗan maƙera ne. Tun bai iya ɗaura wando ba shina zaune gaban zugazugi shina hura wa ubansa wuta. Da ya girma ƙarfi ya zo mishi, sai wani nasara likitan dabbobi da ke Agye ya gan shi a kasuwa ya kayar da bijimi shi kaɗai, ya ɗauke shi aiki. Aikinsa kamun shanu in za a yi musu allura, da ɗaukar kaya. Cikin kayan akwai wata kwalbar ƙarfe doguwa, ta kai mutum kafaɗa, cike da iskar da anka matse. Nasara na ce mata oksijan, mutanenmu na cewa kwalbar iska. In anka haifi maraƙi bai numfasa ba, ko doki ya sha maganin barci ya ƙi tashi, sai a sa mishi tiyo a hanci a buɗe ta.

Kwalba ba ta shiga daji, nauyi gare ta. Sai Labo ya yi dabarar gidansu. Ya ɗinka ƙaramin zugazugi da fatar ɗan akuya, ya sa mishi bakin ƙaho. In anka kira shi ruga, shi share majinar maraƙi, shi toshe hanci guda, shi hura a ɗayan a hankali. Fulani sunka san shi da wannan tun daga Gazawa har Gidan Sori. Nasara da kansa ya gani ya yi dariya, bai hana ba.

Lantana tana da ƙane, Surajo, wanda ya yi lakol, wato makarantar boko, shekara shida ya dawo ba aikin yi. Labo ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban nasara ya ce ga ƙanen matarsa, ya iya rubutu. Aka ɗauke shi. Ɗaki guda sunka kwana a Agye, akushi guda sunka ci. Wasan da ke tsakanin mutum da ƙanen mata kuwa ba su raga wa juna. Surajo na ce mishi Yaya mai baƙin hannu, shi kuwa shina ce mishi ɗan lakol mai tsoron ƙaho.

Shekarar da anka sauke tutar nasara, likitan ya koma ƙasarsu. Aka ba wani ɗan ƙasa wurin, Mushe Balarabe, wato Malam Balarabe a bakin nasara, wanda ke zaune Maradi shina lekowa sau ɗaya a wata. Zuwansa na farko ya zaunar da su biyun gindin itacen bedi, ya ce magana guda ke gabansu, ita ce iska. Can da daga wajen nasara take zuwa, yanzu su za su san yadda za su yi. Ko a aika kwalbar Kano cikin motar gyaɗa a cika ta, ta yi wata biyu ba ta nan. Ko shi rubuta takarda a nemo ta biyu, abin da ka iya ɗaukar shekara. Ko a bar ta yadda take in har da saura.

Labo ya ce a aika ta yanzu da rani, kafin shanu su fara haihuwa, zugazuginsa ya riƙe su kafin ta dawo. Sai Surajo ya tashi ya duba ɗan agogon da ke wuyan kwalbar, ya ce allurar agogon na sama, iskar ta kai su baɗi har da ƙari. Ya juya ga Mushe Balarabe ya ce, ƙasa ta samu kanta, bai kamata a ga ma'aikacin gwamnati shina yawo da fatar akuya kamar mai bori ba.

Sunka yi dariya, Labo ma ya yi, ya zaci wasan nan ne nasu. Amma Mushe Balarabe ya ce gaskiya ne, a bar kwalba inda take, a daina fita da zugazugi, duk mai dabba shi kawo ta gidan likita. Labo bai iya karanta agogo ba. Ya dubi Surajo ya ce, "Ka duba da kyau, ƙanena?"

"Yaya, kai ka riƙe ƙaho, ni in riƙe lamba."

Ranar da ya je gida, Labo ya rataye zugazugin a ɗakin Lantana a Cadawa. Makullin ɗakin kwalba kuwa a wuyansa yake, tare da layarsa. In zai fita allura ƙauyuka, Surajo kan ce a bar mishi don ɗauko magani, shi kuwa shi cire shi miƙa, bai taɓa tambaya ba.

Akwai wani Bafillace, Jibo, wanda ciwon bushiya ya share wa garke, bai bar mishi ko kofato ba. Wani ɗan uwansa ya ba shi saniya guda ta habbanaye, wato aro, abin da ta haifa nasa, uwar kuma a mayar. Duk ransa na kan cikin saniyar nan. Da ya gamu da Labo a rijiya ya roƙe shi in lokaci ya yi shi zo da fatarsa. Labo ya ce an hana, amma abin da ke gidan likita ya fi fata nesa ba kusa ba. Ya dafa ƙirji ya ce shi kawo ta, shi ya ɗauka.

Farkon damina, da hantsi, Jibo ya iso da saniya tana nishi, maraƙin ya juye a ciki. Labo ya tuɓe riga ya sa hannu har kafaɗa, ya daɗe shina gyarawa, ya jawo. Maraƙa ce, ja, zuciyarta na bugawa amma ba numfashi. Ya ce da Jibo kada shi damu. Ya ruga ya buɗe ɗaki, ya gangaro da kwalba, ya ɗaura tiyo, ya murɗa. Ta yi ɗan huci guda kamar tsohuwa ta sauke tulu, shi ke nan. Ya sake murɗawa har ƙarshe, babu. Ya jefar da tiyo ya sa bakinsa a hancin maraƙar shina hurawa, amma lokacin da ya ɓata wajen kwalba ya riga ya tafi. Ta mutu a cinyarsa.

Jibo bai zage shi ba. Ya ce, "Labo, da ka bar ni a ruga." Ya kora saniyarsa.

Da Mushe Balarabe ya zo ya tambaya wa ke riƙe da makulli. Labo ya nuna wuyansa. Ya waiga ga Surajo don shi ce wani abu, Surajo kansa na kan takarda shina rubutu. Daga baya ya ɗago ya ce, mai yiwuwa Yaya bai murɗe bakin da kyau ba, ta tsiyaye. Aka sallami Labo a ranar. Shi ma ya yarda laifinsa ne, ya dawo Cadawa shina istigfari, ya koma maƙerar ubansa.

An yi kamar wata uku, ran kasuwa, wani direba ya tsaya gaban maƙera da motar gyaɗa. Labo ya ga an haɗa karyayyen ƙarfen ƙasanta da wani irin ɗinki mai santsi, wanda wutar gawayi ba ta yi. Ido na maƙeri, ya tambaya wa ya yi. Aka nuna mishi Nomau mai walda a bakin tasha. Ya je don shi ga aiki kawai. Nomau na ganinsa ya tashi ya riƙe hannunsa biyu shina godiya, ya ce ba don kwalbarsa ba da bai kafu a garin nan ba, wutar walda ba ta cin ƙarfe sai da iskar nan. Ya ce tun sanyin bara Surajo ke ɗoro ta a amalanke in Labo ya fita ƙauye, shina cewa Yayansa ne ya aiko, har sai da ta ƙare ƙat.

Labo ya tambaya yaushe ta ƙare. Nomau ya ce tun kafin azumi. Labo ya lissafa, zaman gindin bedi bayan salla anka yi shi. Ashe ranar da Surajo ya tsaya gaban agogo ya ce allura na sama, kwalbar wayam take, kuma ya sani. Don kada a ɗaga ta a gane ya hana a aika Kano, ya kuma sa anka raba shi da zugazugi.

Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Lantana ta matsa, ya gaya mata. Ta ce shi tafi Maradi shi faɗa. Ya ce in ya faɗa, jandarma za su ɗaure ɗan uwarta, tsohuwarsu kuwa ba ta da wani namiji. Ta yi kuka ta ce to ita ba ta da ƙane. Ya ce wannan ba ta isa ba, jini ne. Amma washegari ya tafi da ƙafa har rugar Jibo, ya tsuguna ya gaya mishi komai, don shi ne mai hakki.

Surajo ya yi gaba, yau babba ne a buro, ofishin gwamnati. Duk salla shina zuwa gaida 'yar uwarsa. In ya yi sallama Labo na amsawa cikakkiya, don Allah ya wajabta. Amma ya daina ce mishi ɗan lakol, sai Malam Surajo, kuma in anka kawo akushi sai shi ce a zuba mishi nasa daban.

Yanzu Labo na nan Cadawa, furfura ta cika kansa, shina ƙera hauya da lauje. Zugazugin ɗan akuya ya sauko daga bango, ya sake mishi fata sau uku. In damina ta faɗi Fulani na zuwa da jaki su ɗauke shi. Jiya ma na gan shi ya bi hanyar Gazawa da shi rataye a kafaɗa, Jibo na gaba shina ja mishi jakin.