Ɗan Auta, Ragon da Ya Cinye Mini Rumbu

Ko da tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ragon nan ba. Wani abokina Bafulatani daga Turba ne ya kawo mini shi yana ɗan jariri, uwarsa ta mutu. Na yi ta godiya wai na sami kyauta, ashe ɗawainiya na ɗauko.

Da nonon saye muka raine shi, yara suka raɗa masa suna Ɗan Auta. Ya taso da tsirfa, ba ya cin kara sai harawar wake da dusa. In na fita ya bi ni har ƙofar masallaci. Duk matar da ta shanya gero a unguwa, da yamma sai na ji sallama, in buɗe rumbu in biya.

Babbar Sallah ta zo, na wasa wuƙa. Ina kama shi sai ya ɗora kai a cinyata yana jiran susa yadda ya saba. Na ajiye wuƙar. Na sulale na sayo wani rago da tsadar ranar Sallah. Uwargidana ta riƙe baki ta ce, "Malam, wanga wane irin aiki na? Ga rago nan kwance, ka sai da hatsinmu ka sawo mai fansa?" Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, shi yana kwance yana tuƙa, ana feɗe 'yan'uwansa.

Wata rana ya haɗiyi leda. Ciki ya kumbura, likitan dabbobi ya yi allura ya karɓi nasa, ba sauƙi. Maƙwabcina mahauci ya leƙo ya ce, "In ba a yanka shi yanzu ba, mushe za shi zama. Ba ni wuri, Malam." Na ba shi wuri na shige ɗaki, da gemuna da komai na yi kuka.

Nama ya zaga unguwa. Matan da ya cinye wa gero har aikowa suka yi a ƙara musu, wai ai kitsen nasu ne. Ni kuwa gayan tuwo na ci, ko romon ban iya kurɓa ba.

Tun ranar na ɗauki darasi: dabbar da kake niyyar ci, kada ka bari a raɗa mata suna. Hatsin da ya ci na noma wani, amma har yau in na fito masallaci sai na waiwaya.