Gugan Farko na Ranar Sallah

Ni ba mai fita ba ce. Tun da yaƙi ya koro mu daga Omdurman muka sauka Alƙahira, duniyata ɗaki biyu ce a hawa na biyar a Giza. Amma kunnena yana fita. Daga taga nakan gane wanda ya sha faɗa da matarsa tun daga yadda yake kiran mai sayar da burodi.

Asalinmu ba Omdurman ba ne, aure ya kai ni. Wani ƙauye ne a bakin Bahar Maliya, kudu da Bur Sudan. Mahajjata ne daga ƙasar Hausa suka kafa shi, waɗanda suka tako da ƙafa har guzuri ya ƙare a bakin ruwa, suka zauna jiran jirgi. Wasu sun ƙetare, wasu suna nan kwance bayan masallaci. Ƙauyen bai fi a zaga shi kafin shayi ya huce ba, amma ya fitar da mutane. Akwai matuƙin jirgin da ya san hanyar Jidda da ƙanshin iska. Akwai malamin da ya makance bai daina karantarwa ba. Har likita muka yi, da wani mai tsaron gida a ƙwallo da hannuwansa kamar faifai.

Kuma akwai kakata, uwar babana. Mijinta ya rasu kwana kaɗan da isowarsu, ya bar ta da 'ya'ya uku. Lokacin ruwan gishiri ne ko'ina, ruwan sha sai an saya wurin masu raƙuma. Ita ta lura da inda awaki ke tono a busasshen rafi kullum da safe, wuri ɗaya ba sa canzawa. Ta ɗauki ƙwarya da guntun ƙarfe ta hau haƙa, maza na wucewa suna cewa takaba ta taɓa mata kai. Da ruwa ya fito, mai daɗi, su ne suka fara zuwa da tuluna. Saboda wannan rijiya mutane suka daina jira suka fara gini. Shi ya sa kowace Sallah, kafin kowa ya ɗiba, gugan farko ƙofar gidanmu ake kawo shi.

To, akwai wani ɗan ƙauyenmu a nan, kowa na ce masa Ustaz. Yana da tebur a wani ofis a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, inda yake fassara wa mutane takardu. Ni na goya shi, ya yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba. Yana shekara shida aka tafi da shi Khartum, bai ƙara shan ruwan rijiyar nan ba. Yanzu in ya gan ni sai ya ce “ya hajja” ta hanci, kamar ba Yaya yake ce mini da ba.

Shi ne ya tashi rubuta tarihin ƙauyenmu da manyan mutanensa, wai don yaran da ake haifa a Masar su san tushensu. Na yi murna, wallahi, har na aika masa da gasasshiyar gyaɗa. Sai ranar nan 'yata ta dawo daga aikinta a unguwar Dokki da takardun a waya, ta zauna tana karanta mini ina tsince shinkafa. Matuƙin jirgi yana ciki. Malam yana ciki. Mai tsaron gida har da hoto. Da ta zo kan rijiya sai muryarta ta yi ƙasa. Wai kakan Ustaz ne, mai unguwa, ya yi addu'a ya soka sandarsa a ƙasa ruwa ya ɓulɓulo.

Kakan nasa na san shi. Mutum ne da ko buta ba ya ɗauka da kansa.

Na ce ta sake karantawa, ta sake. Babu kakata ko a gefen shafi. Babu mace ko ɗaya ma, har ungozomar da ta yanke wa Ustaz cibiya.

Aka sa ranar Juma'a bayan la'asar za a karanta wa jama'a kafin a kai wurin bugawa, a gidan wani tsoho da duk muke kira Kawu, wanda ya girmi kowa a cikinmu. Wata bakwai rabona da sauka daga benen nan, amma na ɗaura tobe, mayafinmu na matan Sudan, na ce wa 'yata, “Yalla, mu je.”

Ustaz ya sha kwat cikin zafin nan. Ya yi ta karatu da Larabci mai ƙwanƙwasa, maza na gyaɗa kai, mu mata muna ƙofar kicin. Da ya soka sandar kakansa a ƙasa, sai na yi gyaran murya.

“Ustaz, sandar nan ta ƙarfe ce ko ta icce?”

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Ya hajja, ma'alish, ki yi haƙuri, wannan bincike ne, ba hirar tsakar gida ba.”

“A wace tsakar gidan ka binciko shi? Ta gidanku?”

“Ina da ruwayoyi.”

“Ni ina da baya, shi ya ɗauke ka kana tsumma. Ka ce mini Yaya tukuna.”

Wata ta ja mini gefen tobe, na fizge. Ustaz ya cire tabarau ya ce shi ba ya musu da wanda bai yi karatu ba, in ina da hujja a rubuce in kawo. Nan ya same ni, don aji uku kawai na yi a makaranta, kuma kakata ko alif ba ta bari ba. Sai na juya wurin Kawu, wanda ke zaune da carbi kamar ba ya ji.

“Kawu, don Allah tambaya ɗaya. Ranar Sallah, gugan farko gidan wa ake kaiwa?”

Ustaz ya ce, “Wane guga kuma?”

Duk wanda ya girma a ƙauyen ya ɗago ya dube shi. Mai rubuta tarihinmu bai san gugan Sallah ba.

Kawu ya ajiye carbi. “Gidan mai takaba. Ni da kaina na kai, shekara da shekaru. Har da ubanka muka taɓa kamawa, ya zubar da rabi a hanya aka zane shi.”

Ustaz ya ce, “Me ya sa ba ka faɗa mini ba, Kawu?”

“Ka tambaye ni? Hoto ka zo ɗauka.”

Na ɗauka na ci nasara. Bayan wata biyu littafin ya fito, da bango mai sheƙi. 'Yata ta duba daga farko har ƙarshe. Ya cire sandar kakansa, amma bai sa kakata ba. Rijiyar gaba ɗaya ya cire. A littafinsa mutanen ƙauyenmu sun yi shekara da shekaru a bakin ruwan gishiri ba su taɓa jin ƙishirwa ba. Gara masa ƙauye ya rasa rijiya da a ce mace ta haƙa ta.

Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Ranar ƙaramar Sallah da safe, ina soya kayan shayi, na ji ana hawowa bene a hankali, sanda na bugun matakala, ana tsayawa ana huci. Tun a hawa na uku na gane tarin. Na buɗe ƙofa, ga Kawu da gorar roba a hannu.

“Na famfo ne,” in ji shi, “amma shi na fara tara yau, kafin kowa ya yi alwala. Karɓi, ƙafata za ta kashe ni.”

Na karɓa, na tara jikokina na ba kowa kurɓi, na gaya musu ko ruwan wa suke sha. Bana ma an kawo, surukar Kawu ce ta hawo da shi.

Ustaz kuwa ya aiko mini da littafin kyauta, har da sa hannu. Littafin yana nan kusa da murhu. Bangon yana da ƙarfi, da shi nake fifita gawayi in zan dafa gahawa.