Kyamarar da Aka Auna da Fuskar Goggo

Injiniya ɗan Goggo ne, Goggo kuwa ƙanwar babanmu ce, don haka duk abin da aka faɗa a kansa a nan halal ne, abokin wasa ba ya kai ƙara. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Dangi ne suka laƙaba masa tun yana ɗan shekara tara, ranar da ya kwance rediyon ubansa ya mayar, kusoshi bakwai suka yi saura, rediyon kuma ta ci gaba da magana har da ƙarin tashoshi biyu da ba a taɓa ji ba.

Da ya girma ya kama shago a layin masu gyaran waya, shagon da in atishawa ta kama mutum a ciki sai ya fito waje ya ƙarasa ta. Benci ɗaya, kujera ɗaya, fitila mai dogon wuya, kwalaye cike da gawarwakin wayoyi, ga ƙaurin dalma ya kama bango ya kama riga. A hannu kam Allah ya ba shi. Wayar da ta kwana uku a rijiya, shi zai tashe ta har ta nemi gafara.

Bidiyon bikin ƙanwarsa ne ya ɓata masa rayuwa. An ɗauko mai ɗaukar hoto da ƙatuwar kyamara 'yar waje. Da aka kawo aka kunna, kowa ya fito fes, amma Goggo, baƙa wuluk mai sheƙi, ta fito kamar an yafa wa inuwa mayafi: ga haƙora, ga farin ido, fuska babu. Aka yi ta dariya, ita ma ta taya, ta ce ashe ba ta je bikin ba. Injiniya kaɗai bai yi ba. Mai hoton ya ce masa haka kyamarori suke, irin wannan fatar sai an tara mata fitilu. Injiniya ya ce to shi zai ƙera wadda ba ta bukatar a roƙe ta.

An ɗauka zafin rai ne, zai huce kafin a gama wanke tukwanen biki. Shekara tara ya yi.

Ya yi odar sensa, wato ɗan guntun nan kamar farce da ke karɓar haske a cikin kyamara. Ya sa maƙeri ya zuba masa gida na alminiyam. Ya bi kasuwar tsofaffin kaya yana tsintar gilasan kyamarorin da iyayenmu suka yi yayi. Ya koya wa kansa rubuta umarnin kwamfuta da Turancin da bai kai ya sayi ruwa da shi ba. Kyamarar farko ta yi zafin da za a soya ƙwai a bayanta. Ta biyu ya sa mata fanka, sai ta koma kuka kamar injin niƙa, maƙwabcinsa ya yi ta leƙowa yana tambaya ko ana karɓar markaɗe. Matarsa ta sa mata suna Autan da Ba Ya Girma, don kullum ana ba shi, bai taɓa kawo komai gida ba.

Masu ƙera kyamara, in ji shi, suna da wani kati mai gidaje kala-kala da suke auna launi da shi. Injiniya ya ƙi katin. Ya ce ai da shi aka goge masa uwa. Katinsa shi Goggo ce. Kullum da la'asar sai ya rufe shago, kwastoma na tsaye suna zagi, ya saɓo kyamara zuwa gida. Ya zaunar da Goggo a bakin ƙofar ɗakinta, inda haske ke zuwa ta gefe ɗaya. Ya kalle ta, ya kalli allo, ya murɗa lamba. Ya sake kallonta, ya sake murɗawa. Lambobin sun fi ɗari huɗu, ko ɗaya bai taɓa rubutawa ba, bai kuma taɓa kwafe su wani wuri ba. Yau ya gyara a kan na jiya, gobe ya gyara a kan na yau. In aka ce ya ajiye, sai ya nuna Goggo da haɓa.

"Me zan ajiye? Ga ta nan zaune."

Goggo kuwa tana ɗinkin hannunta tana yi masa tsiya. Ta ce ko ubansa bai kalle ta haka ba ranar da aka kawo ta. Ta ce in har akwatin nan ya gama cinye mata fuska, ya bar mata hanci ta riƙa numfashi.

A shekara ta tara abin ya fito. Ya haɗa kyamarar da talabijin, aka taru a falo. Sai ga Goggo kamar a miƙa hannu a taɓa. Ashe a cikin baƙin nan akwai ja, akwai shuɗi-shuɗi a goshi, akwai wata jijiya a gefen ido da ke motsi in za ta yi dariya. Mu da muka zo da baki cike da tsokana, sai muka haɗiye. Goggo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a kashe, ta ga uwarta.

Ba ta ƙarasa shekarar ba. Zazzaɓin kwana huɗu ne.

Bayan wata shida wani darakta ya kawo gyaran waya, ya ga hoton Goggo na tafiya a ƙaramin allon shago, ya manta da abin da ya kawo shi. Ya ce a zo a gwada kyamarar: in ta yi, fim ɗinsa na gaba da ita za a ɗauka, in kuwa fim ɗaya ya fita, sauran daraktoci za su yi layi. Abin da Injiniya ke nema ke nan tun farko, fim ɗaya tak, mutane su ga fuskokinsu kamar yadda aka halicce su.

Ranar gwaji aka kafa fitilu a falon wani gidan haya. Jarumar fim ɗin ta makara da awa uku, mai kwalliya ta ƙara biyu tana yaɓe ta, yaɓen da magini zai yi hassada. Aka kunna. Kyamara ta yi abin da aka koya mata. Fuska launi ɗaya, wuya wani launi, gaɓoɓin yatsu na uku. Hoda ta fito kamar toka, ƙurajen da aka binne duk suka tashi suka yi sallama. Jaruma ta kalli allo, ta ɗauki jakarta ta koma mota.

Darakta ya ja shi gefe.

"Injiniya, kyamarar nan taka ba ta da kara."

"Abin da ke wurin ta nuna, ranka ya daɗe."

"Na gani. Ai shi ya sa muke biyan mai kwalliya."

Ya ba shi sati biyu ya sa ta ta riƙa haskaka fata tana share tabo. Matar Injiniya ta ce ya fara adana lambobin da kafin ya taɓa. Ya ce mata lambobin suna kansa kamar sunansa. Ya manna hoton Jaruma na talla a bangon shago, ya yi ta kallo yana murɗawa, a kan na Goggo, kamar yadda ya saba.

A gwaji na biyu Jaruma ta fito sumul, fara tas, kamar 'yar tsana. Ta ce yanzu aka yi magana. Darakta dai ya zaro wayarsa, wadda Injiniyan ne ma ya gyara, ya ɗauke ta da ita, ya jera hotunan biyu. Ko mai duba ba zai raba su ba. Ya ce to in haka ne me zai sa yaransa su riƙa saɓa abu mai nauyin buhun siminti? Ya yaba ƙoƙari, ya ce zai kira.

Injiniya ya koma shago don ya mayar da ita yadda take. Ya tuna lamba goma sha ɗaya. Wasu takwas yana zato. Bidiyoyin Goggo suna nan, amma ba su da amfani a wannan aikin, dafaffe ba ya komawa ɗanye. Mutum yake bukata, a zaune, yana numfashi, haske na zuwa ta gefe.

Ya gwada da matarsa, ita wankan tarwaɗa ce, kuma minti goma ta iya zama. A ƙarshe ya roƙi Yaya, babbar 'yar Goggo, wadda ta fi kowa kama da ita. Ta hau mota biyu ta zo, ta zauna a bakin ƙofar. Ya kalle ta, ya kalli allo, ya murɗa. Ya cire tabarau ya goge, don idon ma yanzu ba na da ba ne. Bayan awa ɗaya Yaya ta taso ta leƙa, ta ce ita dai a wurinta ya yi kyau.

"Bai yi ba, Yaya."

"To me ya rage?"

Ya buɗe baki zai kwatanta mata fuskar Goggo, sai ya ga shi ma ya fara mantawa. Ya ce ta dawo ranar Talata. Yaya ta gyara mayafi, ta ce ƙafarta na matsa mata kwanan nan, za ta gani.