Inci Goma Sha Uku Zuwa Landan

Matiyu tela na Tudun Wada bai yarda da komai ba sai abin da tef ɗinsa ya auna. Ko barci zai yi, tef na rataye a wuyansa kamar laya. A Gombe an san shi da ɗinki mai kyau, da kuma taurin kai wanda ya fi ɗinkin.

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara zuba, gwamnati ta ɗauki nauyin 'yarsa tilo, Hilda, ta je Ingila koyon aikin jinya. Kowa na murna ban da shi. Damuwarsa ɗaya ce: yaya nisan da za a kai masa yarinya?

Ya aro taswira wajen Malam Jesse na firamare, ya shimfiɗa a teburin yanka. Gombe zuwa Kano, inci ɗaya, kuma yini guda ne cur a mota. Filin jirgin Kano zuwa Landan, inci goma sha uku.

"Kwana goma sha uku ke nan," in ji shi.

Hilda ta ce, "Baba, awa shida ne. A takarda aka rubuta."

"Takarda ta taɓa zuwa Landan? Tef ba ya ƙarya."

Matarsa Lois ta san gardama da shi ɓata yawu ne, sai ta haɗa guzurin kwana goma sha uku: dambun nama, ƙuliƙuli, soyayyen garin gero, har da tulun man shanu. A filin jirgi ma'aikata suka ɗora kayan a sikeli, suka dawo wa Matiyu da rabi. Ya rungumi tulun yana kallon jirgin har ya ɓace, hawaye na zuba, wai ƙura ce ta shiga idonsa.

A hanyar dawowa mota ta lalace a Darazo. Kwana biyu fasinjoji suna cin guzurin Landan a gindin tsamiya. Da ya iso gida wujiga-wujiga, ya tarar da Lois riƙe da takardar tangaraho.

"Baban Hilda, sannu da hanya. 'Yarka ta sauka tun shekaranjiya. Kai ne muke ta yi wa addu'a."

Unguwa ta yi ta dariya, shi kuwa ko a jikinsa, don daɗi ya cika shi. Ashe Landan ta fi Darazo kusa! Ranar ya yanka wa Hilda rigar Kirsimeti, tunda awa shida ai ba tafiya ba ce.

Kirsimeti ta zo, Hilda ba ta zo ba, karatu bai bari ba. Ya rataye rigar. Da shekara ta zagayo ya ɗinka wata. Duk jirgin da ya gilma sai ya tsayar da keken ɗinki ya ce wa mai jiran ɗinki, "Awa shida ne fa." Kewa ta ci shi ƙwarai.

Riguna huɗu na rataye ranar da Hilda ta dawo. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta shige ta. Yarinya ya auna, mace ta dawo.

Matiyu ya zare tef daga wuyansa. Awon da yakan gama a minti biyu, ranar ya kai shi har la'asar. Lois ta leƙo ta ce abinci na hucewa.

"Bar ni," in ji shi. "Ban gama auna ta ba."