Tulun Lalla Mbarka

Lalla Mbarka ba ta taɓa tambayar kowa ko girkinta ya yi daɗi ba. Sai dai ta tsaya a ƙofar madafa, hannu a ƙugu, tana duban kwanukan da ake dawowa da su daga wurin baƙi. In ta ga an suɗe romon da burodi, sai ta koma wurin tukwanenta. Shekara arba'in ta yi tana dafa abincin biki a Tarudant. A unguwarmu da wuya ka sami matar auren da ba ita ta turara kuskus ɗin bikinta ba.

Akwai wani tulun man shanu a ƙarƙashin matakalar gidanta, an liƙe bakinsa da yumɓu. Irin wanda ake zuba wa gishiri a rufe ranar da aka haifi 'ya mace ne, ba a buɗewa sai ranar aurenta. Tata 'yar ba ta kai yaye ba ta rasu. Mijin ma bai daɗe ba ya bi ta. Tulun ya zauna a inda yake, kuma ba mu taɓa yi mata maganarsa ba.

Ilham, 'yar maƙwabcinta Si Lahsan kafinta, a ƙofar madafar nan ta koyi tafiya. Tun tana ƙarama Lalla Mbarka take ce mata, "Ke dai yi sauri ki girma in dafa abincin bikinki, kafin gwiwata ta ƙi ni."

Ashe ba gwiwar ce za ta fara ƙi ba. A bikin ɗan mai gidan burodi, kwanuka suka dawo da nama a ciki. Ta ɗiga romon a bayan hannunta ta lasa, ta ji shi salam kamar ruwa. Sai da ta ga yadda baƙi ke neman ruwan sha ta gane gishiri ne ya yi yawa. Ba wanda ya faɗa mata. Ita ma ba ta faɗa wa kowa ba.

Da aka sa ranar Ilham, Si Lahsan ya zo sau biyu yana gyara wa Lalla Mbarka ƙofa. A zuwa na uku ta tare shi.

"Lahsan, in ka sake taɓa ƙofar nan faɗowa za ta yi. Me ya kawo ka?"

"Yaya, dangin ango ne. Sun ce mutum ɗari uku ne, kuma a zauren biki za a yi. Suna so a ɗauko masu kamfanin girki."

"Dangin ango," in ji ta. "Su ma sun ci naman bikin mai burodi?"

Ya sunkuyar da kai yana juya guduma a hannu.

"To, ba kai kaɗai za ka zaɓo ba. Kai da ba ka bambance kirfa da garin katako."

Ta yafa mayafi suka fita. Mai kamfanin girki na farko ya buɗe musu littafin hotuna, raguna gasassu jere a kan tire. Na biyu ma hotunan ne, har da fitilu. Kowannensu tambaya guda ta yi masa: in kwanuka sun dawo, wa ke dubawa? Suka ce ai akwai masu wanke-wanke.

Na uku wani siririn mutum ne, Bushaib, mai tabon ƙuna a hannu. Da ta yi masa tambayar sai ya yi dariya.

"Ni nake dubawa, Inna. Baƙo yana jin kunya, kwano ba ya ji."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ba ya cin abincinsa, da gani," ta ce wa Si Lahsan. "Amma shi za ka ɗauka."

Abu biyu ta roƙa. Riɗin da za a barbaɗa a kan nama ita za ta tsince da hannunta, don idonta bai gaza ba tukuna. Na biyun kuwa sai da Bushaib ya zo gidanta. Ta sa ya durƙusa ya jawo tulun daga ƙarƙashin matakala, ta goge ƙurar da gefen zanenta.

"Wannan za ka sa a kuskus. Yana da gishirinsa, fiye da shekara talatin. Kada ka ƙara sai ka ɗanɗana. Kai za ka ɗanɗana, ɗana, ba ni ba."

"Na wace ce, Inna?"

"Na amarya," ta ce.

Saura kwana shida biki, bayan la'asar, Ilham ta shiga kai mata shayi ta same ta a tsakar gida, ta jingina da bango, tiren riɗi a cinyarta. Ta kira ta sau biyu. Ashe rai ya yi halinsa.

Si Lahsan ya so a ɗaga bikin. Matarsa ta ce an riga an fasa yumɓun tulun, kuma ya san abin da mai shi za ta ce.

Ranar bikin aka yi ta nemansa a cikin baƙi ba a gan shi ba. Yana can ƙofar madafa da sabuwar jallabiyarsa, yana duban kwanukan kuskus suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Masu wanke-wanke ba su sha wahala ba.

Riɗin da Lalla Mbarka ta tsince bai isa mutum ɗari uku ba. Bushaib ya kwashe shi ya barbaɗa a kwanon amarya kaɗai. Sauran bai taɓa ba. Tiren yana nan a kan matakala, gefe guda wayam, ɗaya gefen riɗi da tsakuwarsa, a tsakani kuma layin da ta ja da yatsa don ta san inda ta tsaya.