Farin da Na Kai Marina

A gidanmu na Salaga zane ba ya mutuwa da wuri. Kakata, mahaifiyar babana, ita ta kafa wannan doka tun kafin a haife ni, kuma ban taɓa jin wanda ya yi mata musu ba. Sabon zane na fita ne, na biki da suna. In ya kwana biyu sai ya koma na zaman gida. In ya koɗe a kai shi marina ya sha baba, ya fito yana sheƙi, ya sake zagayowa biki kamar ba shi ba. Daga nan majanyi, daga majanyi gammon masu ɗaukar doya, daga gammo tsumman sauke tukunya. Har yau in na lumshe ido ina ganin igiyar shanyar tsakar gidan nan da hantsi, zannuwa shuɗɗa suna lilo, inuwarsu tana rarrafe a kan daɓe. Kaka tana bi tana taɓa kowanne, tana faɗin wadda ta fara ɗaura shi da bikin da aka je da shi.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ɗoki. Uwar gaggawa take kirana, kuma ba ta yi ƙarya ba, don ko ruwan shayi ba na iya jira ya tafasa. Aure ya kai ni Bawku, na buɗe ɗan shagon ɗinki a bayan kasuwa. Yawancin aikina gyara ne. Mata su tsinto gwanjo, wanda a can ake ce wa fos, su kawo in rage ƙugu, in ƙara hannu, in mayar da rigar wata ƙasa ta mutunci. Wadda ba ta da halin sabuwar atamfa takan kawo tsofaffi biyu in haɗa mata ɗaya. Ina alfahari da wannan ƙwarai. Ina gaya wa kowa cewa idon Kaka na gada, ba tsumman da zan kalla ban ga abin da zai zama ba.

Wata damina na je Salaga ganin gida, na tarar rufin ɗakin Kaka yana yoyo. Ranar da rana ta fito ita ta tafi gaisuwa wata unguwa, ni kuma na ce bari in yi abin kirki. Na jawo akwatinta na ƙarfe waje, na shiga shanya kaya. A can ƙasa, cikin busasshen ganyen darbejiya, na iske wani farin ƙyalle a naɗe. Saƙar hannu ce, siraran layuka masu faɗin tafin hannu an haɗa su gefe da gefe, doguwa, ba kalmasa a baki. Farin ya fara komawa ruwan ƙwai saboda ajiya. Na shafa shi na ji laushi kamar cikin kunnen ɗan akuya. Nan take na ce a raina, tsohuwar nan ta manta da wannan, ga shi ya koɗe a banza, kuma ai an san inda koɗaɗɗe yake zuwa a gidanmu. Na cusa shi a jakata ban gaya wa kowa ba, don so nake in ba ta mamaki da Sallah.

Hanyar komawa Bawku ta Yendi take bi, a nan ake canza mota. Akwai wani tsohon marini a bayan tasha da har yanzu yake rini da baba a rami, ba da hodar kanti ba. Hannayensa sun yi shuɗi har gwiwa. Na miƙa masa ƙyallen, ya warware, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dube ni.

"Mma, wannan fari naka ne?" ya ce, da irin Hausar can da ba ta raba mace da namiji.

"Na kakata ne."

"Shi ne ya aike ka?"

Raina ya ɓaci, ga mota tana cika. Na ce, "Malam, rini na kawo, ba shari'a ba. In ba za ka yi ba in kai gaba."

Ya naɗe ya ajiye.

Da Sallah ta matso na biyo na karɓa. Wallahi ya yi kyau. An rina, an buga, yana ɗaukar ido kamar bayan tattabara. Duk tsawon hanyar Salaga yana kan cinyata, ina ta kitsa yadda Kaka za ta yi guɗa ta ce yau uwar gaggawa ta yi hankali.

Na same ta a zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na ajiye mata. Idonta ya riga ya yi rauni, da hannu take gani. Ta ɗora yatsu a kai, ta bi layi ɗaya har ƙarshe, ta dawo ta bi na biyu. Murmushin da ta fara ya tsaya.

"Ke 'yar nan, wannan ai zaren hannuna ne. Ina kika samo?"

"A ƙasan akwatinki, Kaka. Na ga ya koɗe."

Ta ɗago fuskarta wajena. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa, "Likkafanina kika rina."

Ban san lokacin da na zauna daɓas ba. Ni tun da na taso, likkafani farin yadi ne da ake aikawa kasuwa a yanko ranar da aka yi rasuwa. Ban taɓa jin mai rai ya tanadi nasa ba, balle ya kaɗa da kansa. Kaka ta ce iyayenta mata haka suka yi tun zamanin fataken goro. Ta ce bayan rasuwar kakanmu ta shuka auduga a bayan gida, ta yi shekaru tana kaɗi kaɗan-kaɗan, don ba ta so ta shiga ƙasa cikin ƙyallen da ba ta san hannun da ya yi shi ba. Ta ɗago hannayenta ta nuna mini. Yatsun sun kanannaɗe, ko carbi da ƙyar suke ja.

Na fashe da kuka. Na ce zan wanke, zan jiƙa, zan sa duk maganin da ke cire launi. Ta ce baban kirki ba ya fita, sai dai zaren ya ruɓe. Na ce zan sayo mata farin da ya fi kowane kyau a Tamale. Ta ce ta gode, amma ba shi take so ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Can na ji bakina ya ce, "To ki koya mini. Ni zan kaɗa miki wani."

Ta yi dariya har da tari. "Ke? Sai dai in mutuwar ce za ta yi miki haƙuri."

Amma washegari da safe ta sa aka fito da mazarinta, da ɗan kaskon da yake juyawa a ciki, da guntun alli na shafa wa yatsa. Sati biyu na yi a gabanta. Ta nuna mini yadda ake gurje auduga a cire 'ya'yan, yadda ake shiɓa ta ta yi sako-sako, yadda hannun hagu yake ja sama na dama yana murza. Zarena yana fitowa da ƙulli-ƙulli, nan kauri nan siriri, yana tsinkewa. In na yi tsaki sai ta ce, "Auduga ba ta jin tsawa." Sau biyu ina jifa da mazarin. Sau biyu tana sa ni in je in ɗauko in ba shi haƙuri.

Na koma Bawku da mazari a jaka. Na samu wata tsohuwa wajen Binduri mai 'yan itatuwan auduga a bayan gidanta, nake zuwa ina karɓa. A shago, da an ɗauke wuta ko aiki ya lafa da azahar, sai in jawo kasko. Masu kawo gyara suka mayar da ni abin kallo. "Madam, zare ya ƙare a kasuwa ne?" Ina jin su ba na tankawa, abin da ban taɓa iyawa ba a da.

A hankali wani abu ya same ni da ban zata ba. In mazari ya kama juyi sosai yana wani siririn kuka, kuma in na bi kukan nan sai shagon ya yi nisa. Ƙarar babura da kekunan kaya masu ƙafa uku, waɗanda a can ake ce wa motokin, ta koma kamar daga ƙarƙashin ruwa. Sai in ga kaina a Salaga, a bakin tsofaffin rijiyoyin nan da ciyawa ta rufe, in ga mata a jere a inuwa, waɗanda ban taɓa sani ba, kowacce hannunta a sama tana jan farin zare. Wani lokaci zaren yakan zama hanyar da kanta, doguwa, ta sauka daga tudun Nakpanduri ta ratsa gonakin dawa, ta bi ta Yendi, ta shige kunyoyin doya har ƙofar ɗakin Kaka. Sai mai gyara ta taɓa kafaɗata in farka, in ga dunƙulen ya ƙara girma.

Amma tsoro bai taɓa barina ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara na ga lambar gida, sai in dubi kwandon zare in ga bai kai ko rabi ba. Sau ɗaya aka ce Kaka tana kwance da zazzaɓi. Na yi kwana uku ina kaɗi kamar mahaukaciya, kuma duk abin da na kaɗa a kwanakin nan ya fito a murɗe, bai yi amfani ba. Da ta warke na gaya mata a waya, ta ce, "Kin gani? Ko don ni ba za ki yi sauri ba."

Shi kuwa shuɗin, ɗaura abinta ta riƙa yi. Ba sunan da ba ta je da shi ba. In an yaba sai ta ce, "Likkafanina ne, jikata ta ga bai dace in tafi yanzu ba." Mata su yi salati, ita tana dariya. Ni in na ji labari sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Damina uku aka yi kafin zaren ya isa. Na kai wa wani masaƙi a Yendi, cikin masu saƙa ƙyallen batakari, rigar mazan can, a ƙarƙashin rumfa. Ya juya dunƙulen farko ya taɓe baki, ya ce wannan sai dai a yi igiyar akuya. Na baya-bayan kuwa ya yaba, ya ce su zai miƙe a tsaye don ba za su tsinke ba, sauran ya jefa a kwance. Na roƙe shi kada ya zubar da ko ɗaya, don ba ni da wani. Ya bi su yadda na jera, na farko har na ƙarshe. Da na haɗa layukan da allura a shagona sai ƙyallen ya fito da fuska biyu. Gefe ɗaya gurzau-gurzau, duk ƙulli, ɗaya gefen sumul.

Ranar da na kai mata, ta rame ƙwarai, sai an tayar da ita take zama. Na shimfiɗa mata a cinya, na yi dabara na tura gefen mai kyau wajen hannunta. Ta shafa, ta gyaɗa kai. Sai yatsun nan kanannaɗaɗɗu suka ci gaba da tafiya, layi bayan layi, har suka isa inda nake ɓoyewa. Suka tsaya a kan ƙullin.

"Kaka, wannan na farkon ne," na ce da sauri. "In an zo naɗi sai a bar shi ta waje, mai laushin ya taɓa jikinki."

"A'a," ta ce. "Mai kyaun kowace gwana za ta iya kaɗa shi. Wannan kuwa ba mai irinsa sai ke. Shi za a fara rufa mini. Kin ji ko? Kada ki bari su juya."

Na ce na ji. Na kifa kaina a gwiwarta, ta bar hannunta a kan ƙullin ba ta ɗauke ba.

Ta ƙara wata bakwai a duniya. Aka kira ni da safe, na isa Salaga kafin la'asar, aka jira ni don ita ta bar wasiyya haka. Dattijan mata biyu suka yi wanka, ni ina miƙa ruwa. Da aka zo naɗi, babbarsu ta shafa ƙyallen, ta ji inda ya fi laushi, ta kamo wannan gefen don ta fara ɗora mata, kamar yadda duk mai tausayi zai yi.

Na riƙe hannunta. 

"Inna, ba wannan ba. Ɗaya gefen ta ce."

Ta dubi ƙullin, ta dube ni. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta saki wanda ta kama, ta matsa gefe, ta bar ni na ja shi da hannuna na rufa mata.